Ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata: abin da ke kunnen saniya ya zo hannun ma'aikaci

 Ga abin da muka tattauna a shirinmu na kasuwa da kiwo, mun rubuta shi saboda waɗanda suke kan hanya ranar da aka watsa, da waɗanda rediyonsu ta ƙi kamawa.

Mafarin maganar saƙo ne daga wani ɗan'uwa mai sayar da kayan waya a Ajame, cikin birnin Abijan. Ya ce an turo masa bidiyo a WhatsApp. Ga wani Bature zaune ya miƙa hannu, an soka masa allura mai kauri tsakanin babban yatsa da manuni, ya tashi ya kara hannun a jikin ƙofa, ƙofa ta buɗe. Wanda ya turo bidiyon ya ƙara da cewa nan gaba kaɗan ba mai samun aiki sai da wannan abu a jikinsa, kuma duk inda mutum ya shiga ana hango shi ta tauraron ɗan'adam. Shi ne ɗan'uwan namu yake tambaya, gaskiya ne ko ƙarya?

To, rabi da rabi. Allurar gaskiya ce, buɗe ƙofar ma gaskiya ne. Maganar tauraron ce babu ita. Amma kada ka yi saurin cewa shi ke nan, hankali ya kwanta, domin abin da ya kamata ka yi tsaron kanka da shi yana wani wuri dabam, kuma kai makiyayi ka fi kowa saninsa.

Bari mu fara da shi kansa abin. Masu Faransanci suna ce masa «puce», sunan ƙuma ke nan a harshensu, kuma sunan da suke kiran layin waya da shi. Mu a nan za mu ce ƙwayar shaida. Wani ɗan kwalba ne na gilashi, tsawonsa wajen milimita 12, kaurinsa milimita 2, kamar ƙwayar shinkafa doguwa. A cikinsa akwai siririn zaren tagulla a nannaɗe, da wani ɗan mitsitsin allo wanda aka rubuta lamba a kansa. Iyakarsa ke nan. Babu batir. Tun da babu batir, ba ya iya aika komai da kansa. Yana nan kwance shiru sai an kawo na'urar karantawa dab da shi. Na'urar ce take ba shi ɗan ƙarfin lantarki ta iska, ya farka, ya faɗi lambarsa, ya koma barci. Ka ɗauke shi kamar madubi a ɗaki mai duhu: ba ya haske sai ka dallare shi da tocila. Nisan da ake iya karanta irin wanda ake sa wa mutum bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Shi ya sa ka ga Baturen nan sai da ya manna hannunsa a ƙofa.

Ita kuma lambar, ita kaɗai ba ta da ma'ana. Kamar lambar mota ce. Wanda ya ga lamba a bayan tirela bai san mai ita ba sai ya je ofishin da ke riƙe da kundin rajista. Haka nan ma: sunanka, lokacin da ka shigo, lokacin da ka fita, ƙofar da aka yarda ka buɗe da wadda aka hana ka, duk suna cikin kwamfutar mai kamfani. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An yi wa mutane, kuma an san inda aka yi. A watan Agusta na 1998 wani malamin jami'ar Reading a Ingila, Kevin Warwick, ya sa aka dasa masa irin wannan a hannu don gwaji, ƙofofin ofishinsa suna buɗe masa, bayan kwana tara aka cire. A 2004 babban lauyan gwamnatin Meksiko, Rafael Macedo de la Concha, ya bayyana cewa shi da wasu ma'aikatansa sun sa, don shiga wani ɗakin ajiyar bayanan sirri. A shekarar ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba wani kamfani mai suna VeriChip izinin sayar da tasa ƙwayar, wadda ake sawa a dantse. A 2006 wani kamfanin kyamarorin tsaro a birnin Cincinnati, CityWatcher, ya sa wa ma'aikata biyu. Kasuwar ba ta yi ba, a 2010 aka daina ƙera VeriChip ɗin. Daga baya abin ya sake tasowa a Suwidin. Wani gidan ofisoshi a Stockholm mai suna Epicenter ya fara yi wa masu so a 2015, kamfanin jirgin ƙasa na ƙasar, SJ, ya fara karɓar ƙwayar a matsayin tikiti a 2017, mutane 'yan dubbai suka sa a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 10. Wanda ya fi yin suna shi ne na kamfanin Three Square Market a garin River Falls, jihar Wisconsin ta Amurka. Ranar 1 ga Agusta 2017 ya kira 'yan jarida, aka yi wa ma'aikata wajen 50 cikin kimanin 80, kamfani ya biya dalar Amurka 300 a kan kowane mutum. Me suke yi da ita? Buɗe ƙofa, kunna kwamfuta, sayen biskit da lemo a kantin ma'aikata. Wato aikin da kati rataye a wuya yake yi tun tuni.

Ka lissafa ka gani. Shekara sama da ashirin ana wannan magana, waɗanda aka yi wa saboda aiki ba za su cika kasuwar Tireshbil ta safiya ɗaya ba. Don haka maganar "kowa sai ya sa" ba ta taso ba.

Abin da ya riga ya iso Abijan shi ne 'yan'uwan wannan ƙwaya, kuma wataƙila ɗaya yana aljihunka yanzu. Sabon katin ɗan ƙasa na Kodebuwa, wanda hukumar ONECI ta fara rajistarsa a watan Fabrairu 2020 a kan jika biyar, yana ɗauke da ƙwaya a jikinsa, an kuma ɗauki hoton yatsun mai shi. Katin banki da ake karawa a jikin na'ura ba tare da an zura ba, aikinsu ɗaya da na Baturen nan, bambancin kawai nasa yana cikin nama, naka yana cikin roba. Ka gangara Tireshbil wajen tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1951 bayan an haƙa mashigin Vridi. Tun 1 ga Yuli 2004, lokacin da dokar tsaron tashoshin ruwa ta duniya da ake kira ISPS ta fara aiki, shiga irin wannan wuri sai da bajo ko takardar izini, ko kai direba ne, ko ɗan dako, ko mai fitar da kaya. A kamfanoni da manyan kantuna kuma ga na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, abin da suke kira «pointage»: ka dangwala da safe, ka dangwala da yamma, da shi ake lissafin kwanakinka.

Nan ne fa masu tallar ƙwayar suke samun bakin magana, kuma a yi musu adalci, hujjojinsu ba na banza ba ne. Kati yana ɓata. Ana sace shi, ana aron na wani, ana manta shi a wandon jiya. Yatsa kuma yana ba da kunya. Duk wanda ya shekara yana ɗaukar buhun siminti, ko jan igiyar shanu, ko wanke goro, ko fiɗa a mahauta, zanen yatsunsa yana shafewa, ya je gaban na'ura ya dangwala sau biyar ta ƙi gane shi. Mata masu lalle sun san wannan wahalar a wurin rajistar layin waya da ta zaɓe. To sai mai talla ya ce ga abin da ba ya ɓata, ba ya gogewa, ba a mantawa da shi a gida.

Daidai. Kuma wannan shi ne dalilin da ya sa aka fara sa shi a jikin dabba.

Ku makiyaya, ba yau kuka fara alama ba. Yankan kunne, ƙona tambari da ƙarfe a cinya ko a wuya, kowane gida da nasa, har dillali a kara yana iya duban saniya ya faɗi daga wace ruga ta fito. Ƙwayar shaida ta dabbobi ci gaban wannan ne. Tana da ƙa'ida ta duniya: lamba mai alƙaluma 15, ukun farko suna nuna ƙasa ko kamfanin da ya ƙera. Na Nijar 562, na Najeriya 566, na Kodebuwa 384, na Burkina 854, na Mali 466. Ana sa ta iri uku. Ko a cikin ɗankunnen roba da ake maƙala wa dabba, ko a ƙarƙashin fata kamar yadda ake yi wa dawaki da karnuka, ko a cikin wani dunƙule mai nauyi da ake ɗura wa saniya ta haɗiye, ya zauna a tumbinta har ranar yanka. A ƙasashen Tarayyar Turai tun 2010 tumaki da awaki na kiwo sai da irin wannan shaida. Najeriya ta ƙaddamar da nata tsarin rajistar dabbobi, NAITS, a ƙarshen 2022.

Labarin da ya fi dacewa ku ji shi ne na Botsuwana, domin ƙasar shanu ce, kuma 'yan Afirka ne irinmu. Suna sayar da nama a Turai, Turawa suka ce ba za su saya ba sai an iya bin sawun kowace saniya daga garke zuwa mahauta. A 2001 gwamnati ta fara ɗura wa shanu dunƙulen nan. Ta wajen sata ya yi amfani, domin ɓarawo yana iya yanke kunne, yana iya ƙona sabon tambari a kan tsoho, amma ba ya iya zura hannu cikin tumbi. Sai dai wata matsala ta ɓullo. Makiyayi ba ya ganin lambar da idonsa. Na'urar karantawa tana hannun ma'aikacin dabbobi na gwamnati, shi ne mai ɗurawa, shi ne mai karantawa, shi ne mai ba da takardar tafiya. Ranar da na'ura ta lalace ko ma'aikaci bai zo ba, saniyarka tana gabanka, lafiyarta ƙalau, ga mai saye da kuɗinsa, amma ba ta sayuwa. Bayan shekara goma da 'yan kai suka bar dunƙulen suka koma ɗankunne, wanda mai dabba zai iya sawa da kansa ya kuma karanta lambar da ke rubuce a kai. Ka ga abin da muka ce ka riƙe ɗazu? Ƙwayar tana jikin saniyarka, amma ikon yana wurin mai na'ura da mai kundi.

Tun da mun zo nan, ga gargaɗi a kan kuɗinku. In wani ya zo ruga ko kara da allura ya ce zai sa wa shanunka abin da za ka riƙa ganinsu a waya in an sace, ka ce masa ya sa wa ɗaya, a kora ta bayan gari, ya nuna maka ita. Ba zai iya ba. Abin da ke nuna inda dabba take wani akwati ne da ake ɗaura mata a wuya, mai batir da layin waya a ciki, yana buƙatar caji, yana buƙatar sabis, kuma shi ne farkon abin da ɓarawo zai tsinke. Amfanin ƙwayar yana zuwa ne bayan an kama dabbar. A ce an tare mota a Ouangolodougou, ko an ga saniya a kara ana gardama a kanta, in akwai na'ura a wurin, in kuma sunanka yana cikin kundi, za ta tabbatar taka ce. In babu ɗaya daga cikin biyun, ka sayi ƙwayar shinkafa ta gilashi da tsada.

Haka kuma masu cewa ana ɓoye ta cikin allurar rigakafi. Allurar da ake dasa ƙwaya da ita ta fi milimita 2 kauri, tana barin rauni da ake rufewa da filasta. Ta rigakafin mutane ba ta kai milimita ɗaya ba. Raƙumi ba ya wucewa ta ƙofar akurki. Kada a hana yaro rigakafi ko a hana garke allurar ciwon huhu saboda wannan jita-jita.

Mu koma kan mutum. Tambaya ɗaya zan yi maka, kai da ka tashi cikin shanu: wa yake yi wa dabba alama? Mai ita. Ba ka taɓa ganin ɗan kiwon haya ya ƙona tambarinsa a jikin shanun da aka ba shi tsaro ba, in ya yi kuwa an san abin da yake nufi. A ganina nan ne gizo yake saƙar. Tsakaninka da mai aiki ciniki ne: ka ba shi ƙarfinka daga safe zuwa yamma, ya ba ka kuɗi. Bajo yana tafiya da wannan ciniki. Ka rataya da safe, ka cire da yamma, ranar da kuka ɓata ka ajiye masa a tebur ka kama gabanka. Ƙwaya kuwa da ita za ka kwana, da ita za ka je gida ganin iyaye, kuma ranar da aiki ya ƙare sai an tsaga fata kafin ta fita. Wa zai biya likita? Kamfanin da ya kore ka?

Za a ce ai ba a tilasta wa kowa ba. A Wisconsin ma haka aka ce, kuma gaskiya ne, domin jihar ta yi doka tun 2006 wadda ta hana tilasta wa mutum dasa ƙwaya, da tarar da za ta iya kai dalar Amurka 10,000. North Dakota da Kalifoniya suka bi a 2007, wasu jihohi suka biyo baya. A Ingila ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta ɗaga murya a 2018 tun kafin abin ya yi nisa. Amma ka dubi mutumin da ya yi sammako ya tsaya a layi a bakin wani sito a Tireshbil ko Vridi yana jiran a ɗauke shi aikin yini. Mutum ɗari ne a layin, talatin ake so. In aka ce masu ƙwaya su fara shiga, ba wanda ya tilasta masa, amma yara suna gida ba a ɗora tukunya ba. Yardar mai albashi a ofis mai sanyi dabam, yardar mai jin yunwa dabam.

Ta wajen lafiya, ita hukumar Amurka da ta ba da izini a 2004 ta lissafa abubuwan da ka iya faruwa: jiki ya ƙi karɓar baƙon abu, ƙwayar ta gusa daga inda aka sa ta, ko ta kawo cikas ga wasu na'urorin hoton asibiti. A 2007 kamfanin dillancin labarai na AP ya tono wasu tsofaffin gwaje-gwaje inda aka ga ƙari ya fito kusa da ƙwaya a jikin wasu ɓeraye. Ba a tabbatar da irin haka a jikin mutum ba. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na kullum, wato allura marar tsabta a hannun wanda bai iya ba. Wani kuma ya tambaya ko tana hana alwala. Tana ƙarƙashin fata, ruwa yana taɓa hannu yadda ya saba. Hukuncin sa ta kuwa na malamai ne, a tambaye su.

Maganar cewa ba a iya yin jabunta, wannan ma da sauran magana. A 2006 wani injiniya mai suna Jonathan Westhues ya nuna a fili yadda ya kwafi lambar VeriChip daga dantsen mutum da wata 'yar na'ura da ya haɗa da hannunsa, na'urar ta riƙa amsawa kamar ita ce ƙwayar. Na yanzu wasu sun fi tsaro. Amma ɗan'uwanmu na Ajame ba sai an gaya masa ba, yana zaune kusa da kasuwar «Black», ya san abin da mutum ya kulle wani mutum yana iya buɗewa. In aka kwafi katinka, a soke shi a ba ka sabo. In aka kwafi na cikin hannunka, sai wuƙa.

Akwai kuma darasin da Abijan ta koya wa baƙi, wanda dattawan Ajame da Tireshbil ba su manta ba. Hausawa sun daɗe a wannan gari, masu goro a Anyama, mahauta, masu tsire, masu shayi da kofi, har abincin da ya fi kowane farin jini a titi, acake da soyayyen kifi, sunan Garba yake amsawa. A 1990 aka kafa katin zama na baƙi, «carte de séjour». Da farko an ɗauke shi maganar rajista da kuɗin shiga. Da siyasa ta juya, aka shiga zancen wane ne ɗan ƙasa na asali, katin nan ya zama abin tare mutane a shinge, a sauke su daga gbaka, a karɓi kuɗi, wani lokaci har ɗan ƙasa mai sunan arewa a ce takardarsa ta jabu ce. Rikicin shaida yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga yaƙin 2002, shi ya sa yarjejeniyar Wagadugu ta Maris 2007 ta ba shi babi guda. A Nuwamba 2007 aka soke katin ga 'yan ƙasashen CEDEAO. Shekara 17 ke nan. Katin bai sake ba tun daga farko har ƙarshe, masu karanta shi ne suka sake. Kuma wanda yake da tsagar gado a fuska ya san a irin wannan rana takarda ana iya ɓoye ta a takalmi, abin da ke jikin fata kuwa yana nan inda yake.

Ba tsohon labari ne kawai ba. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina daga CEDEAO ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku masu tambarinta har sai an sanar da wani abu dabam. Mutum ya kwana da takarda ɗaya, ya tashi matsayinta ya rataya a kan shawarar da za a yanke a taron da ba ya ciki. Haka takardar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda CEDEAO ta kafa a 1998. Lambar da ke jikinka ma haka take, ma'anarta tana hannun mai kundi, kuma kundi yana sauya hannu: kamfani yana karyewa, ana sayar da shi, gwamnati tana iya neman a ba ta.

Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne mu muna da tsohuwar hanyar shaida wadda har gobe take aiki a Ajame. Yaro ya sauka a tasha daga Maraɗi ko Tawa ko Sakkwato, ba ya jin Faransanci, ba ya jin Jula. Ana tambayarsa ɗan gidan wa, a kai shi wurin maigidan mutanen garinsu. Maigida ya ce na san ubansa, shi ke nan, an ba shi wurin kwana, an ba shi tire ko baro, wani ya ba shi kaya bashi. Wannan shaida tana da nata aibi, domin wanda ba shi da kowa yana shan wuya, kuma akwai iyayen gida masu danne yara. Amma wanda ya tsaya maka ya ɗauki nauyi: in an kama ka shi ne zai je, in ka kwanta ciwo shi ake nema, in ka rasu shi zai aika gida. Na'urar bakin ƙofa ta san ka makara da minti bakwai. Ranar da buhu ya faɗo maka a ƙafa, ba ta san ka ba.

To me doka ta ce a inda kake? A Kodebuwa akwai doka mai lamba 2013-450 ta 19 ga Yuni 2013 a kan kare bayanan mutum, hukumar ARTCI ce take tsaronta. A ƙarƙashinta, mai son tara bayanan jiki irin su zanen yatsa sai ya nemi izinin hukumar tukuna, dole ya faɗa maka abin da zai yi da su, kuma kana da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kanka, a gyara in da kuskure. Nijar tana da tata dokar tun 2017, da hukumar HAPDP. Najeriya ta sa hannu a kan tata a Yuni 2023. Dokokin nan ba su tsaya ga 'yan ƙasa kaɗai ba, baƙo ma mutum ne a wurinsu. Na san za ka ce ɗan dako ina shi ina ARTCI. Gaskiyarka. Amma ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya rubuta takarda, shugaban mahauta yana iya tambaya, sarkin Hausawa yana iya aika wakili. Tambayar da mutum ɗaya zai yi a kore shi, mutum hamsin in suka yi ta sai an ba su amsa.

Saboda haka ranar da aka ce ka kawo yatsa, ko fuska, ko wani abu na jikinka saboda aiki, ka tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, ina ake ajiye wannan, wa yake iya gani, kuma in na bar aiki za a goge? Ka nemi a riƙa ba ka lissafin kwanakinka a takarda duk ƙarshen wata, kai ma ka riƙa rubuta naka a ɗan littafi, domin ranar da wuta ta ɗauke ko na'ura ta ƙi yatsanka, ba a rubuta ka zo ba, kuma kuɗin ranar ya tafi. In yatsunka sun goge, ka faɗa tun ranar rajista, a ɗauki yatsu fiye da ɗaya, ko a ba ka kati ko lambar sirri a madadinsa, na'urorin nan galibinsu suna karɓar duka ukun. Ke ma hajiya mai lalle, in kin san za ki rajista, ki bari sai an gama kafin ki ƙunsa. Kada ka bar wa kowa asalin katinka jingina, ko maigida ko mai haya, ka ba shi kwafi. Ga dabbobi kuma, in aka zo da ɗankunne mai ƙwaya, kafin a huda kunnen ko ɗaya ka ga sunan da za a rubuta a kundi, naka ne ko na dillali ko na mai mota, ka karɓi takarda mai ɗauke da lambobin, ka ajiye ta tare da katin rigakafi.